Maganin Jarabar Ƙwaya: Buɗe Taga Ba Wuya, Riƙe Ta Ne Aiki

A watan Fabrairun 2011 ne aka buɗe wani ɗan sashe a Asibitin Ƙasa na Muhimbili da ke birnin Dar es Salaam, inda ake ba masu jarabar hiroyin maganin metadon kyauta. Shi ne irinsa na farko da wata gwamnati ta buɗe a Afirka kudu da Sahara, in aka cire tsibirin Morishus da ya riga Tanzaniya da shekara biyar. Kuɗin farawa daga Amurka suka fito, ta hannun shirin PEPFAR na yaƙi da cutar ƙanjamau, saboda binciken da aka yi a birnin shekarun baya ya nuna kusan mutum huɗu cikin goma na masu tsira wa kansu allurar hiroyin suna ɗauke da ƙwayar cutar. Daga Muhimbili shirin ya bazu zuwa Mwananyamala da Temeke, ya haye Zanzibar, ya isa Mbeya da Mwanza da Dodoma. Kenya ta bi sahu a Disamban 2014 a asibitin Mathari na Nairobi, Senegal ma ta buɗe cibiyar CEPIAD a asibitin Fann na Dakar kusan lokaci guda. Saboda haka tambayar ko ƙasar Afirka mai ƙaramin ƙarfi za ta iya gudanar da irin wannan magani ta daɗe da samun amsa. Wadda ta rage, wadda kuma ba a cika tunawa da ita ranar yanka ƙyalle da ɗaukar hoto ba, ita ce: me zai sa tagar ba da maganin ta ci gaba da buɗewa kowace safiya, har ranar Sallah da ranar yajin aiki, shekara goma bayan masu tallafi sun tattara nasu ya nasu? A ganina, a wannan fanni ɗorewar ita ce maganin. Shirin da aka kafa kan kuɗin shekara uku, ba a san wanda zai ɗauki ta huɗu ba, bai cancanci guɗa ba, domin yankewarsa tana iya kashe mutanen da ya ceto.

Sai an san yadda maganin yake aiki za a ga dalili. Hiroyin da mofin da kodin da tiramol duk dangi ɗaya ne, dangin ofiyom, wuri ɗaya suke kamawa a ƙwaƙwalwa. Wanda ya daɗe yana sha, jikinsa kan saba har ya kai in babu abin sai azaba: zufa, hamma, majina da hawaye, ciwon ƙashi da gaɓoɓi, murɗar ciki da gudawa, rashin barci, ga wata ƙawa da ba ta barin zuciya ta yi tunanin komai sai ƙwaya. Hiroyin kan saki mutum cikin 'yan sa'o'i, shi ya sa yinin mai jarabarta kan ƙare a fafutukar kuɗin ta gaba. Metadon yana zama inda hiroyin ke zama, amma a hankali yake shiga, a hankali yake fita, kurɓi ɗaya ya kai mutum awa 24 ko fiye. In aka daidaita ƙimarsa, wadda ga yawancin mutane kan faɗa tsakanin miligiram 60 da 120 a rana, mutum ba ya cikin maye, ba ya cikin azaba. Zai je kasuwa, ya hau keken ɗinki, ya tsaya sahu. Abin da ake gani da safe a irin waɗannan asibitoci ba shi da wani armashi. Layi ne na mutane, kowa da katinsa, ma'aikacin magunguna a bayan taga yana auna ruwan maganin a ƙaramin kofi. Mutum ya shanye a gabansa, ya kora da ruwa, ya yi magana don a tabbatar ya haɗiye, ya kama gabansa. Ɗan'uwansa bufrenofin ƙarƙashin harshe ake sa shi ya narke, kuma yana da iyakar da ba ya wucewa wajen danne numfashi, don haka hatsarinsa bai kai na metadon ba. Ba sabon abu ba ne. Tun 1965 likitoci biyu a New York, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka wallafa sakamakon gwajin metadon, a 2005 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan biyu a jerin waɗanda ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

Hujjar da ta fi tsaya mini a rai wani ƙaramin gwaji ne da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin, wanda mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2003. An ɗauki mutum 40 masu jarabar hiroyin aka raba su biyu. Ashirin aka riƙa ba su bufrenofin kullum har shekara. Ashirin aka ba su na kwana shida ana ragewa, daga nan aka koma ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Duka ɓangarorin biyu an yi musu nasiha da zaman gyaran ɗabi'a iri ɗaya, mai zurfi, irin wanda ba kowa ke samu ba. Da shekara ta zagayo, 15 cikin masu shan maganin suna nan a shirin. Cikin ɗaya ɓangaren ko mutum ɗaya bai rage ba, duk sun watse tun watannin farko, huɗu kuma sun rasu. A 2017 mujallar BMJ ta tattara bayanan mutum sama da 120,000 da aka bibiya a ƙasashe daban-daban, aka ga cikin kowane mutum 1,000 kimanin 11 ke mutuwa a shekara yayin da suke kan metadon, kimanin 36 kuma bayan sun bar shi, kuma makonni huɗun farko bayan barin su ne mafi muni. Dalilin a fili yake. Sabon da jiki ya yi da ƙwaya yana gushewa da sauri, ƙawar kuwa tana daɗewa. Mutum ya yi makonni babu magani, ranar da abin ya ci ƙarfinsa ya koma wurin dillali ya sayi gwargwadon abin da ya saba sha da. Jikin da ya karɓi wannan ƙima bara ba zai karɓe ta bana ba. Numfashi ya riƙa ja baya, leɓe ya yi duhu, ya shiga wani irin munshari, iyali na tsakar gida suna cewa barci yake yi a ƙyale shi.

Abin da ke faruwa da mutum ɗaya in ya daina, shi ke faruwa da gari guda in aka rufe shiri, kuma an gani. Kafin 2014 akwai kimanin mutum 800 da ke karɓar metadon da bufrenofin a yankin Kirimiya ƙarƙashin Yukiren. Rasha, wadda dokarta ta haramta wannan magani, ta karɓe yankin a watan Maris, kafin watan Mayu ya fita an rufe shirin. A farkon 2015 Michel Kazatchkine, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan cutar ƙanjamau a Gabashin Turai, ya ce tsakanin mutum 80 da 100 daga cikinsu sun riga sun mutu, galibi ta zarce ƙima ko kashe kai. Wani zai ce wannan ai rikicin ƙasa da ƙasa ne. To, a Morishus babu yaƙi, zaɓe kawai aka yi. Ƙasar ta fara ba da metadon a 2006, a lokacin fiye da kashi 90 cikin ɗari na sababbin masu kamuwa da ƙanjamau masu allurar ƙwaya ne, kuma cikin shekara takwas rabonsu ya sauko zuwa kusan ɗaya bisa uku. Sai sabuwar gwamnati ta zo, a 2015 ta dakatar da ɗaukar sababbin marasa lafiya, ta koma ga tsarin wanke jiki na gajeren lokaci. Ba a daɗe ba aka ga inda abin ya dosa, a 2017 aka dawo da metadon. Darasin Morishus ya fi na Kirimiya kusa da mu, domin ya nuna shirin da ya yi nasara ƙarara ma yana iya faɗuwa da sauyin minista, matuƙar yana rataye ne da ra'ayin mutum ɗaya, ba a dasa shi cikin doka da kasafin kuɗi da zukatan jama'a ba.

Batun kuɗi shi ne farkon abin da ke yanke irin wannan shiri, kuma Janairun 2025 ya tone asirin tsarin da aka gina a Afirka. Ranar 20 ga watan sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, bayan 'yan kwanaki aka umarci masu gudanar da ayyuka su tsaya cak, daga baya aka rushe hukumar USAID kanta. Duk shirin da albashin ma'aikatansa da kuɗin man motarsa ke fitowa daga can ya ji a jikinsa. Abin lura shi ne metadon kansa ba shi da tsada. Tsohon magani ne, kamfanoni da yawa na yin sa. Kuɗin suna tafiya ne a albashin nas da mai auna magani da mai gadi, da ma'aikatan da ke shiga lunguna suna nemo wanda ya kwana biyu bai zo ba. Waɗannan na ƙarshe su ne ake fara sallama in kuɗi suka yi ƙasa, alhali su ne ke riƙe mutane a shirin. Ga Nijeriya kuma akwai wani tarko na daban. A Tanzaniya da Kenya an samu kuɗin ne da hujjar ƙanjamau, domin masu allura ne ke cika layin, kuma an tabbatar maganin yana rage kamuwa da cutar a tsakaninsu da fiye da rabi. Amma binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 da tallafin ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya kiyasta masu allurar ƙwaya a Nijeriya kimanin 80,000 ne, masu shan magungunan dangin ofiyom ba bisa ƙa'ida ba kuwa miliyan 4.6. A jihar Kano kaɗai masu ta'ammali da ƙwaya sun haura miliyan ɗaya. Matashin Sabon Gari ko Tudun Wada da ke haɗiyar tiramol ba ya cikin lissafin mai ba da tallafin ƙanjamau. In aka jingina shirin Arewa da waɗannan kuɗi, to an jingina shi da abin da ba don shi aka yi ba. Wurin zamansa kasafin lafiya ne na jiha da na tarayya, da asusun kiwon lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, da jerin magungunan da inshorar lafiya ke biya, tun da dokar 2022 ta tanadi asusu na musamman don marasa galihu.

Ko da kuɗi a hannu, maganin na iya ƙarewa a kanta. Metadon yana cikin magungunan da yarjejeniyar duniya ta 1961 ta ɗaure, don haka kowace ƙasa sai ta aika wa hukumar sa ido da ke Biyana kiyasin abin da za ta buƙata a shekara, sannan kowane kaya sai da takardar izinin shigowa da ta fita. Jami'i ɗaya ya yi jinkirin sa hannu, ko a yi kiyasi bisa yawan marasa lafiyar bara alhali bana sun ninka, sai a wayi gari babu. A asibitocinmu an saba da a ce wa mutum «babu, je ka kemis». Wannan magani ba ya kemis, kuma ƙa'idar likitoci ita ce wanda ya yi kwana uku bai sha ba sai an sake duba ƙimarsa, sau da yawa a rage ta a sake hawa a hankali, farkon hawan nan kuwa shi ma lokaci ne mai hatsari. Don haka ajiyar watanni a rumbun jiha, da mutum takamaimai da za a kama in kaya suka yanke, ba ƙari ba ne a kan shirin. In babu su, babu shiri.

Sannan akwai yankewar da ba a gani a rahoto, ta mutum ɗaya-ɗaya da ke zamewa. Binciken da aka yi kan mutum 629 na farko a Muhimbili ya nuna kashi 57 cikin ɗari ne suka kai shekara, kuma waɗanda aka ba ƙima mai ƙwari sun fi daɗewa kan waɗanda aka yi wa ƙwauro. Wannan sakamako ne mai kyau in aka kwatanta da ƙasashe masu arziki, amma yana nufin fiye da mutum huɗu cikin goma sun fita. A yi lissafi mai sauƙi: zuwa asibiti kullum, kwana bakwai a mako, kuɗin mota zuwa da dawowa, ga awannin safe da lebura ko ɗan ga-ruwa ke samun na cefane. In cibiyar tana Dawanau ko Kware ko Barnawa, mutumin yana can ƙarshen gari ko wata ƙaramar hukuma, maganin kyauta ne a takarda kawai. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, don haka tsarin da ya ce sai a hannunsu ya riga ya zaɓi ya zama ƙarami. Faransa ta ɗauki wata hanya a tsakiyar shekarun 1990, ta bar kowane likitan unguwa ya rubuta bufrenofin, kuma daga 1995 zuwa 1999 mace-macen zarce ƙima suka ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari. Amurka, wadda ta shafe shekaru tana tsaurarawa, annobar korona ce ta tilasta mata a Maris ɗin 2020 ta bar waɗanda suka daidaita su tafi gida da metadon na kwana 28, waɗanda ba su gama daidaita ba na kwana 14. Bala'in da aka ji tsoro bai zo ba, a 2024 ta mayar da sassaucin ya zama doka. Abin da ya dace da mu shi ne babban asibiti ya fara ɗora mutum kan magani, in ya zauna daram a miƙa shi ga asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu, kamar yadda aka daɗe ana yi da maganin tarin fuka.

A nan ne mai sukar lamiri zai miƙe, kuma da gaskiyarsa. Zai ce ƙasar da kodin ya fita daga masana'anta mai lasisi ya cika kasuwa, har sai da rahoton BBC na ƙarshen Afrilun 2018 ya sa gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin washegari, ita ce za a ce ta raba wa ƙananan asibitoci maganin da ya fi kodin ƙarfi, har a ba mutum ya tafi da shi gida? Wannan tsoro ba na banza ba ne. A Faransa ma an samu masu sayar da bufrenofin a kasuwar bayan fage da masu narkar da shi su yi allura, kuma kurɓin metadon na babba ya isa ya kashe yaro. Amma a duba bambancin. Kodin ya malala ne ta hanyar kasuwanci, inda kowane kwali da aka fitar riba ce ga mai fitarwa, kuma ba a san bakin da zai sha ba. A shirin magani kowane mililita yana da sunan mai shi a littafi, ana iya ƙirga abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙarshen kowace rana. Ana fara kowa da sha a gaban ma'aikaci, tafiya da shi gida gata ne da ake samu a hankali kuma ana iya janyewa, a kwalba mai murfin da yaro ba ya iya buɗewa, wani lokaci a hannun uwa ko mata ko yaya da aka amince da shi. Akwai kuma nau'in bufrenofin da aka gauraya da naloksan don ya ɓata wa mai son yin allura lissafi. Ba za a kai ga babu ɓaraka ko ɗaya ba. Sai dai in aka auna 'yar ɓarakar da ke yiwuwa da kasuwar da ke ci yanzu, inda ake sayar da tiramol mai miligiram 225 a teburin mai shayi, a ce an ƙi magani don gudun yaɗuwar ƙwaya magana ce da ba ta kama hankali.

Suka ta biyu ta fi zurfi, domin daga zuciyar iyaye take fitowa: wannan ai musanya ƙwaya da ƙwaya ne, yaushe yaro zai rabu da ita gaba ɗaya, kuma ina matsayin abin a addini? Ba na ganin daidai ne a yi wa mai wannan tambaya kallon jahili, kuma shirin da ya yi haka ba zai kai labari ba a Kano ko Damagaram. Gaskiya ne jikin mai shan metadon ya dogara da shi. Haka jikin mai ciwon suga ya dogara da allurar insulin, ba wanda ke ce masa ya nuna ƙarfin hali ya daina. Abin da ya sa jaraba ta zama musiba shi ne gushewar hankali, da satar kayan gida, da barin aiki da salla, da mutuwa, kuma waɗannan ne maganin ke ɗaukewa. Malaman fiƙihu da yawa sun halatta amfani da irin mofin a asibiti in likita amintacce ya ga larura, kuma ƙasashen Musulmi sun riga mu auna wannan mas'ala. Iran tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu karɓar metadon a duniya, har cikin gidajen yari, kuma a 2005 shugaban sashen shari'arta ya umarci alƙalai kada su kawo wa irin waɗannan shirye-shirye cikas. Malesiya ta fara a 2005, daga baya har aka buɗe wurin ba da maganin a harabar masallacin Ar-Rahman na Kuala Lumpur tare da Jami'ar Malaya, ana haɗa shi da karatun addini. A nan gida mun ga inda rashin magani ke kai iyayen da suka rasa yadda za su yi. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa da tabon bulala, a watan da ya biyo aka sake ganin irin haka a Daura da Katsina. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba ƙiyayya ta kai su ba. Amma tsare mutum wata shida babu ƙwaya sannan a sake shi babu magani, shi ne daidai yanayin da alƙaluman da ke sama suka nuna ya fi kisa. Game da «har yaushe», amsar gaskiya ita ce wasu kan sauka a hankali bayan shekaru, in aure da sana'a da zama sun daidaita, wasu kuma sun fi aminci in suka ci gaba. Likita da mara lafiya ne za su yanke wannan. Wa'adin da aka rubuta a takardar tallafi ba shi da ta cewa.

Akwai suka ta uku da nake ganin sai an sallama mata rabi. Yawancin hujjojin da na kawo kan masu hiroyin aka tattara su, matsalar Arewa da Nijar kuwa tiramol ce da kodin. Tiramol yana da wani aiki na biyu a ƙwaƙwalwa ban da na dangin ofiyom, shi ya sa yawansa ke kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma da yawan masu shansa don ƙarfin noma ko tuƙi ko dako suke sha, ba su kai matakin jaraba ba. Ɗora irin wannan mutum kan metadon kuskure ne babba, domin an ba shi abin da ya fi wanda yake sha ƙarfi. Wasu ragewa a hankali da nasiha sun ishe su. Wannan yana nufin dole a yi tantancewa ta gaskiya a bakin ƙofa, kuma bufrenofin ya fi dacewa ya zama ginshiƙi a nan. Amma ba ya nufin babu masu buƙata. Cikin miliyoyin nan akwai wanda ya shekara biyar yana shan kati guda kullum, ya yi yunƙurin dainawa sau da yawa ya koma. Kasuwar ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Da aka matsa wa kodin da tiramol, sai ga tafentadol, wanda ya fi tiramol ƙarfi, gauraye da wani maganin saki jijiya, ana shigo da shi Afirka ta Yamma daga Indiya, kamar yadda wani binciken BBC ya bankaɗo a Fabrairun 2025. Kowane zagaye na haramci yana tura masu jaraba ga abin da ya fi na baya haɗari, kuma gina tsarin magani yana cin shekaru.

Masu cewa zazzaɓin cizon sauro da mutuwar mata wajen haihuwa sun fi cancantar ɗan abin da ke akwai, a ƙasar da ta yi alkawarin kashi 15 na kasafinta ga lafiya a Abuja a 2001 amma da ƙyar take wuce kashi biyar ko shida, suna mantawa cewa ana biyan kuɗin jaraba ko an so ko an ƙi: a ɗakin hatsari, a kurkuku, a kotu, a gidan da aka sayar da gona don kai yaro gyaran hali karo na uku. Shawarar a caji marasa lafiya don shirin ya riƙe kansa kuwa, ita ce hanya mafi sauri ta mayar da su wurin dillali, domin ranar da babu kuɗin magani akwai mai ba da ƙwaya bashi.

Sauran abin da ke yanke magani yana cikin dokokin shirin kansa da na ƙasa. Akwai asibitocin da ke korar mutum in gwajin fitsari ya nuna ya sha wani abu, alhali komawa ga ƙwaya alamar ciwon ce, kuma sau da yawa tana nuna ƙimar maganin ce ta yi kaɗan. Mata, waɗanda binciken 2018 ya nuna su ne ɗaya cikin huɗu na masu ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya, ba za su tsaya a layin da duk unguwa ke gani ba. In ba a ware musu lokaci da ƙofa da ma'aikaciya mace ba, ba za a gan su ba, mai juna biyu kuwa ita ce wadda yankewar gaggawa ta fi yi wa illa, ita da abin da ke cikinta. Sannan ga dokar hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, wadda har yanzu ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu yana amfani da irin su hiroyin. Mutumin da ya rubuta sunansa a littafin asibiti ya amsa laifi ke nan a idon doka, sai fa in an ba shi tabbaci a rubuce cewa littafin ba zai fita ba kuma ba za a yi kwanton ɓauna a bakin ƙofa ba. A ɗauka an kama mai karɓar magani ranar Juma'a da yamma kan wani ƙaramin laifi, ba za a kai shi kotu ba sai Litinin, daga nan a tura shi gidan yari jiran shari'a. Wa zai kai masa maganinsa ofishin 'yan sanda ranar Asabar? In ba wanda aka ɗora wa wannan aiki, zai yi azabarsa a kan siminti, sabon jikinsa ya gushe, a sake shi bayan wata biyu. Wani bincike da aka yi a jihar Washinton ta Amurka, aka buga a 2007, ya gano cewa a makonni biyun farko bayan fita kurkuku hatsarin mutuwa ta zarce ƙima ya ninka na sauran jama'a sau 129. Saboda haka yarjejeniyar da za a ƙulla tsakanin asibiti da 'yan sanda da hukumar gidajen gyaran hali, da sunan wanda zai ɗauki kwalbar ya kai, da naloksan, maganin farfaɗo da wanda ya zarce ƙima, da za a damƙa wa mutum da iyalinsa ranar sallama tare da koya musu yadda ake amfani da shi, duk sai an gama su kafin a ɗora mutum na farko kan magani.